TUWON SALLAH A ZANGO: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk wanda ya taɓa ratsa babban titin Nima a daren jajiberin Babbar Sallah ya riga ya san abin da za mu tattauna a kai a wannan wata. Za ka ga shagon tela ya cika maƙil, kowa ya ɗaure fuska, keken ɗinki na ta aiki har asuba. Za ka ga magidanci yana jan rago cikin taɓo, ragon na tirjewa, shi kuma yana haki, ga shi ya saye shi da tsadar da ba zai iya gaya wa matarsa ba. Za ka ga yara ɗauke da galan suna bin lungu-lungu neman ruwa, uwargida kuma ta tsuguna gaban kurfoti ta tarar gawayi ya ƙare. Gari ya waye, a je Idi a dawo, baƙi su fara sallama a ƙofar gida, alhali tukunya ko tafasa ba ta yi ba.

Abin mamaki a nan shi ne, Sallah ba ta taɓa zuwar mana ba zato ba tsammani. Daga ranar Ƙaramar Sallah zuwa ta Babba wata biyu ne da kwana goma, wato kimanin kwana 70, kuma kowa ya san da haka tun yana yaro. To, me ya sa kowace shekara sai mun bar komai sai ranar ƙarshe? Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka muka ga ya dace mu zauna tare da masu karatu mu duba yadda gida irin namu na zango, mai ɗaki ɗaya ko ciki da falo, zai karɓi baƙinsa cikin mutunci, ba tare da an wayi gari da bashi ko gaba da maƙwabta ba.

A FARA DA DUBA KALANDA

Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah tana zagaya lokutan shekara, sai bayan wajen shekara 33 ta komo inda ta faro. A 2015 an yi Babbar Sallah cikin watan Satumba, lokacin da sabuwar doya ta cika kasuwa. A 2025 kuwa ranar 6 ga Yuni aka yi ta, tsakiyar manyan ruwan sama na nan Ankara, kamar yadda iyayenmu suka yi ta a farkon shekarun 1990. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai shiri. Sallar damina tana buƙatar rumfa, da busasshen gawayi, da rufin da ba ya yoyo, kuma ba a dogara da rana wajen shanya nama ko busar da fenti.

Akwai wasu abubuwa biyu da kalanda za ta tuna mana. Na farko, masu ƙasa, wato mutanen Ga, sukan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda tsakanin Mayu da Yuni, a shirye-shiryen bikinsu na Homowo, kuma Sallar 2025 a cikin wannan hani ta faɗo. Duk mai niyyar ɗauko manyan lasifika ya girke a ƙofar gida, sai ya bincika tukuna. Mu da kakanninmu suka zo aka ba su masauki, girmama al'adar mai masauki ba ya rage mana komai.

Na biyu, hutun gwamnati. Tun tsakiyar shekarun 1990, a zamanin Shugaba Rawlings, aka mayar da ranakun Idi biyu ranakun hutu a duk faɗin Gana, a 2025 kuma majalisa ta ƙara wa Ƙaramar Sallah kwana guda. Amma Babbar Sallah, wadda ta fi yawan aiki, ma'aikaci da ɗan makaranta washegari ake jiransu, sai fa in ta dace da ƙarshen mako. Ke nan duk aikin da za a iya gamawa kafin ranar, gara a gama shi.

ALJIHU SHI NE MA'AUNI

Mu da muke koyarwa a makarantun zango mun san makon da ke biye da Sallah. Yaro zai zo da sabon takalmi amma babu littafin rubutu. Wani ma ba za a gan shi ba sam, in an bincika a ce babu kuɗin abinci ko na mota. A 2025 jarrabawar BECE ta fara ne mako guda bai cika ba bayan Sallah, kuma duk uban da ya ƙarar da abin hannunsa a kan rago da shadda ya ji a jikinsa. Ba ma mance yadda hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022 ba. Ko da abubuwa sun lafa daga baya, darasin yana nan: kada a auna Sallar bana da kuɗin bara.

Shawararmu ita ce maigida da uwargida su zauna tun cikin watan Shawwal, su ɗauki takarda da biro, su rubuta abubuwa biyar: dabba, cefane, ɗinki, gyaran gida, da goron Sallah na yara da dangi. Kafin a sa ko kwabo a gaban ɗaya daga cikinsu, a fara ware kuɗin haya, da na makaranta, da na abincin makonni biyu na bayan Sallah. Abin da ya saura shi ne kuɗin Sallah, daidai ruwa daidai tsaki.

Hanyar tari kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ga adashi, ga masu susu da ke zagayawa kullum, waɗanda ladansu zubin kwana guda ne a wata, ga kuma asusun waya. Wanda ya ajiye sidi 20 kullum daga Ƙaramar Sallah, zai iske sidi 1,400 kafin Babba. Wanda ya fara tun Muharram da sidi 10 kacal, cikin kwana 300 ya haɗa 3,000. Sai dai a yi adashi da mutanen da aka sani, kuma a daidaita tun farko wanda zai kwasa a watan Zulƙida, don kowa wannan kwasar yake so.

Game da layya, littafin Risala da muka karanta a gaban malamanmu ya nuna sunna ce a kan wanda yake da iko. Ba a ɗora wa mutum ya ci bashin da zai hana iyalinsa barci don kada a ce gidan wane ba a yi yanka ba. Wanda bai samu ba bana, ya sayi nama daidai ƙarfinsa, ya dafa wa iyalinsa, babu abin kunya a ciki.

MAGANAR RAGO

Tarihi ya nuna Nima ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami wurin daga hannun gidan Odoi Kwao, ana kiwon shanu a nan kafin a kai su kasuwa. Yau ga shi a Nima da Maamobi wurin ɗaure rago guda ma sai an yi shawara. Wannan ita ce matsalar saye da wuri: dabba tana son turke, da dusa, da harawa, da inuwar da ruwa ba ya dukanta, da kuma ido saboda ɓarayi.

Saye a makare kuma yana da tasa matsalar. Yawancin dabbobin da ake saukewa a kasuwar Turaku ta Ashaiman, da waɗanda ake bajewa a bakin titunanmu, daga arewacin ƙasar nan da Burkina Faso da Mali da Nijar suke fitowa. Duk abin da ya taɓa hanya ko kan iyaka, sai ya taɓa aljihunmu. Alal misali, a watan Mayun 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje gab da Sallah. Wanda ya jira jajibere, abin da dillali ya faɗa shi zai biya.

Mafita uku muka gani. Ko dai magidantan gida ɗaya su haɗu su kafa rumfa guda, su raba kuɗin abinci da gadi, su sayo dabbobinsu mako biyu kafin Sallah. Ko a biya amintaccen mai kiwo a bayan gari tun da wuri, ya kawo ana gobe Sallah. Ko kuma a yi haƙuri har washegari, domin yanka yana halatta kwana uku, kuma farashi kan sauko da zarar an sauko daga Idi. Kowace aka zaɓa, a duba dabba da rana tsaka: kada ta kasance mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiya, ko ramammiya, kuma a tabbatar ta kai shekarun da shari'a ta ce. Masu son haɗa kuɗi su sayi saniya, su tambayi malaminsu tukuna, saboda mazhabobi sun saɓa a kan wannan. Mahauci ma a yi magana da shi tun da sauran mako guda, a yanke ladansa da kuɗi, don ba a biyansa da nama ko fatar layya.

CEFANE KASHI UKU NE

Uwargida mai dabara takan kasa cefanenta kashi uku. Kashi na farko shi ne abin da ba ya lalacewa: shinkafa, wake, garin masara da na rogo don tuwon zafi, man gyaɗa, gishiri, kanwa, karan dafi na waakye, busasshen barkono, citta, kanumfari, zoɓo, tsamiya, sukari da gawayi. Waɗannan a saye su tun da sauran wata guda, olonka ɗaya yau, biyu wani mako, musamman ranar Laraba da kasuwar Nima ke ci. A cika tukunyar gas ita ma kafin layi ya yi tsawo.

Kashi na biyu shi ne mai jure mako ɗaya ko biyu, kamar albasa da doya da tafarnuwa. Tun da aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, tafiyar ta yi wa mace ɗaya nisa da tsada. Amma in mata huɗu ko biyar suka haɗa kuɗi aka sayo buhu guda na albasar Nijar aka raba, kowa ta ci riba. Shito kuma a soya shi tun da sauran mako, in ya soyu sosai mai ya rufe kansa ba abin da zai same shi. Haka cincin da dubulan.

Kashi na uku shi ne ɗanyen kaya: tumatir, attaruhu, ayoyo, kabeji da latas. Su kaɗai ya kamata su rage ana jibi Sallah. A markaɗa kayan miya a tafasa su tun jajibere, a jiƙa shinkafar masa, a dafa sobolo da lamurji a sa su huce.

Kada kuma a tara girki kala bakwai a murhu biyu. Babban abinci ɗaya, ko tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, ko waakye, ko dafa-duka, da abin sha ɗaya ko biyu, ya wadatar. A ƙidaya bakunan gida, da kwanukan da za a fitar, a ƙara kason baƙin da ba a zata ba, don a zango ba a rasa su.

Ruwa kuwa shi ne uban tafiya. Wanke nama da kayan ciki yana cin ruwa fiye da yadda ake zato, famfo kuma ba shi da alkawari. A cika duro da galan-galan ɗin nan masu ruwan ɗorawa da muke kira na Kufuor tun da sauran kwana uku. Ɗinki ma haka: a kai wa tela tun farkon Zulƙida, a karɓo da sauran mako, don a sami damar gyara in ya yi kuskure.

ADON GIDA

Iyayenmu mata sun san adon ɗaki tun kafin a fara sayar da furen roba. Jeren kwanuka da tasoshi a kabad mai gilashi, gado da zanensa a lailaye, sabuwar tabarma, da ƙamshin turaren wuta, su ne adon ɗakin Bahaushiya, kuma har gobe ba su tsufa ba. Abin da suka fi mu da shi shi ne sun san ado daga tsafta yake farawa.

Saboda haka a fara da sama a gangaro ƙasa. Da sauran mako uku, a hau a duba kwanon rufi a toshe inda ke yoyo, don babu amfanin sabon labule a ƙarƙashin rufin da ke zuba. Da sauran mako biyu, a fitar da kaya, a share yana, a shanya katifa duk ranar da aka sami rana, a shafa wa bango farar ƙasa ko fenti. A damina fenti yana jinkirin bushewa, wanda ya shafa ana gobe Sallah kuwa, a rigunan baƙinsa zai gan shi. In kuɗi bai kai na ɗaki duka ba, a shafe ƙofa da taga da bangon da ke fuskantar mai shigowa. Ɗan haya ya sanar da mai gidan kafin ya taɓa bango.

Da sauran mako guda, a wanke labule da rigunan kujeru. Ba dole sai sabo ba. Wankakken labule da aka goge ya fi sabon da aka ciwo bashi. Mai son canji, yadi kaɗan daga Makola ko na gwanjo daga Kantamanto ya isa. A sauke jere a wanke a mayar, a goge fanka da gilashin kabad, a canza ledar ƙasa in ta yage, don tsofaffi kan yi tuntuɓe da ita.

A ɗaki irin namu, babban ado shi ne fili. Duk abin da ba a bukata a kwanakin Sallah, akwati ne, keken yara ne, tsohuwar talabijin ce, a tura ƙarƙashin gado ko a ba maƙwabci ajiya. A jingine teburin tsakiya, a shimfiɗa darduma ko tabarma, a jera matasai a jikin bango. Wurin da kujeru za su ɗauki mutum huɗu, tabarma za ta ɗauki goma. A tanadi faifai ko murfi ga kowane kwano saboda ƙuda, a ajiye buta da sabulu, ko bokitin nan mai famfo na Veronica da muka saba da shi tun 2020, a bakin ƙofa. Yara ma a ba su nasu aikin: su goge takalma, su jera kofuna, su yanka takardu masu launi su rubuta Barka da Sallah a liƙa. Yaron da ya sa hannu a gyara ba ya saurin ɓatawa. Turaren wuta shi ne na ƙarshe, da safe kafin a tafi Idi, kuma kada a fita a bar garwashi a ɗaki.

TSAKAR GIDA TA KOWA CE

Yawancinmu gidan haya muke, iyali takwas ko goma a tsakar gida ɗaya, murhu kusa da murhu. A irin wannan gida babu wanda zai shirya Sallah shi kaɗai. A gidan da muke zaune mun koyi wannan ne da wahala a 2015, lokacin da dumsor ta yi tsanani. Kowa ya yanka nasa, kowa ya tura a firiza guda ta wata maƙwabciyarmu, wuta ta ɗauke ba ta dawo ba sai da nama ya canza. Aka yi asara, aka yi zargin juna, wasu suka yi watanni ba sa gaisawa. Tun daga shekarar, dattijuwar gidan, wadda duk muke kira Mma, takan tara mu da sauran mako biyu a raba aiki.

Abin da ake yankewa a wannan zama ba shi da yawa: ranar da za a yi gayyar share gida da kwata, inda za a yi yanka, wanda zai karɓo hayar rumfa da kujeru, da layin girki don kada hayaƙi ya haɗu lokaci guda. Maganar kwata ba wasa ba ce. Annobar kwalara ta 2014 ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan, Ankara ce kuma ta fi jin jiki. Ambaliyar 3 ga Yunin 2015 ma ba ta bar zukatanmu ba. Jini da tumbi da aka tura kwata ba sa tafiya ko'ina, suna nan a ƙofar wani. A haƙa rami in akwai ƙasa, in babu a ƙulle a buhu a ba masu kwasar shara a ranar.

Kada a babbake kai da ƙafa da tayar mota, hayaƙinta guba ne ga mai ci da mai shaƙa. Itace ko gas ya fi. A fara da kayan ciki, su ne masu saurin lalacewa. Sauran naman a soya shi da gishiri a cikin kitsensa har ya bushe, ko a yi banda, ko dambu, kada a jingina da firiza kaɗai. A kafa kaskon suya nesa da hanyar yara, tukunyar gas kuma nesa da kurfoti, domin duk mun san motar kashe gobara ba ta iya shiga lungunanmu.

KWANON MAƘWABCI

To, duk wannan shiri don wa ake yi? Al'adar da muka gada ita ce a kasa nama uku: na gida, na 'yan'uwa da abokai, da na mabukata. Tun kafin ranar a rubuta sunayen gidajen da za a kai wa, don a cikin hidima waɗanda aka fi mantawa su ne waɗanda suka fi bukata: gwauruwar da ke ƙarshen lungu, tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa, da 'yan matan nan kayayei da suka ɗauko mana kayan cefanen a ka, suna Sallah nesa da iyayensu.

Kada kuma a tsallake ƙofar maƙwabcin da ba Musulmi ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Gana, mu Hausawa kuma kaɗan ne a cikin wannan kason. Da yawa daga cikin abokan zamanmu, abin da suka sani game da Sallah shi ne kwanon da ɗanmu ya kai musu. Su ma in Kirsimeti ko Homowo ta zo ba sa manta mu. Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya nuna mana hanya a 2019, lokacin da ya cika shekara 100 ya taka har cocin Katolika na Christ the King ya gaishe su. In babba ya yi haka, kwanon tuwo ba zai gagare mu ba.

A ƙarshe, muna tuna wa kanmu da masu karatu cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma uwargidan da ta kwana a tsaye, da maigidan da mai bin bashi ke jira a waje, da wuya su sami fuskar da za su shimfiɗa. Amfanin shiri da wuri ke nan: ranar Sallah a sami sukunin zama da baƙo, a ci, a yi hira, a yi zumunci. Don haka yau ɗin nan a ɗauko takarda da biro a fara rubutu.

Allah Ya nuna mana Sallah lafiya, Ya karɓi ibadunmu, Ya hore wa wanda bai da shi, Ya zaunar da zangunanmu da ƙasarmu Gana lafiya, amin.